Kafin ikilisiya ta buɗe shafin intanet, dattawa su fara zama

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci masu yin sujada da Hausa, musamman fastoci da dattawa da shugabannin matasa. Ni sakatare ne na wata ƙaramar ikilisiya a gefen Zariya, kuma abin da zan faɗa ya shafi wata sha'awa da ta shigo majami'unmu da ƙarfi: kowace ikilisiya tana so a ce tana da shafinta na intanet.

Sha'awar ba ta da laifi, ni ma ina goyon bayanta. Yaranmu sun watsu. Wasu suna karatu a jami'o'i, wasu suna aikin soja ko ɗan sanda a inda ba a jin Hausa, wasu suna neman abinci a Legas da Fatakwal. Da yawansu suna marmarin jin wa'azi da waƙoƙin da suka tashi da su. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fara aikin. Matasa su kawo shawara, a yanka kuɗi daga baiko, a ba wani yaro mai kwamfuta, bayan mako biyu a nuna wa jama'a hoton fasto da matarsa da ginin majami'a, a yi tafi. Ka koma bayan shekara, sanarwar Kirsimetin bara ce har yanzu a kai. Wasu ma shafin ya ɓace gaba ɗaya. A Luka 14:28 Ubangijinmu ya yi maganar mai son gina hasumiya, cewa sai ya fara zama ya yi lissafi ko yana da abin gamawa. Wannan zaman ne muke tsallakewa.

Zaman kuwa kan hidima ya kamata a yi shi, kwamfuta ta jira tukuna. Su wane ne Allah ya ba wannan ikilisiya ta kula da su a bana? Gwauraye nawa ne ba su da mai yi musu noma? Marayu nawa aka koro daga makaranta saboda kuɗi? Akwai iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka sauka a wurinmu. Wa ke ziyartarsu? Makarantar Lahadi tana da malamai isassu? Zumuntar Mata, wadda kowa ya san ita ce ke ɗauke da rabin aikin majami'a, an tambaye ta abin da take bukata? Sai a ɗauko kalandar shekara a duba ta da idon manomi: da damina mutane suna gona, ajin baftisma na yamma ba zai cika ba, bayan kaka, lokacin bikin godiya, hannu yana da ɗan abu, kuma rani ne lokacin fita bishara da tarurruka. Idan an rubuta wannan duka, da wanda zai ɗauki kowane aiki da kuɗin da zai ci, to abin da za a sa a shafi ya fito da kansa.

Iyayenmu haka suka yi. Aikin da Dakta Miller, Bature ɗan mishan, ya fara a birnin Zariya, aikin da ya koma Wusasa wajen 1929, bai tsaya ga ginin majami'a ba, ya haɗa da makaranta da asibiti. An yi shekaru ana fama da fassara kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, domin sun gane cewa saƙo sai ya zo wa mutum da harshen da yake tunani da shi. Abin yana ba ni baƙin ciki in ga ikilisiyar da ke addu'a da Hausa, take waƙa da Hausa, take binne matattunta da Hausa, amma shafinta Turanci ne daga sama har ƙasa. Wa ake yi wa? Tsohuwar da ta fi kowa zuwa addu'ar asuba ba za ta gane ko kalma ɗaya ba. A rubuta da Hausa, kuma Hausa mai kyau, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Madannin wayoyin yanzu suna da su. Ɗan'uwa a Maradi ko Tsibiri, wanda boko ya zo masa da Faransanci, shi ma zai amfana da shafin Hausa fiye da na Turanci.

Sai maganar waya da data. Yawancin mutanenmu ba su da kwamfuta, da waya za su shiga, wayar ma mai araha, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Shafi mai manyan hotuna da bidiyo da ke buɗe kansa cinye musu kuɗi kawai zai yi. Wa'azin rabin awa, idan an ɗauki murya kaɗai aka matse ta, bai kai megabayit 15 ba, bidiyonsa kuwa ya ninka haka sau da yawa. Murya ce ta fi dacewa da mu, don wanda bai iya karatu ba ma yana ji. A sa ta yadda za a iya saukewa, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa goma ta WhatsApp ko Xender, ko a zuba a memori a kai ƙauye.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi kashe shafuka, kuma dattawa ba su cika saninsa ba. Sunan shafi, wato adireshinsa na intanet, haya ake yi, ba saye ba. Kowace shekara sai an sabunta, haka ma wurin da ake ajiye kayan shafin. Sunayen da ke ƙarewa da .ng hukumar NiRA ce ke kula da su, ta hannun kamfanonin da ta amince wa. Na san wata majami'a da aka yi wa rajista da imel ɗin wani matashi. Ya samu aiki ya tafi, lambarsa ta canja, lokacin sabuntawa ya wuce ba wanda ya sani, suna ya kuɓuce. Yaron ba mugu ba ne, tsari ne babu. A yi rajista da sunan ikilisiya, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu ko uku da majalisar dattawa ta naɗa, kuɗin sabuntawa ya shiga kasafin shekara. Idan za a sa lambar asusu don masu aiko da zakka ko gudummawa, ta zama ta ikilisiya mai sa hannun ma'aji da sauran waɗanda aka zaɓa, kada ta zama ta mutum ɗaya ko da fasto ne.

Ina kuma roƙon a yi hattara da rayukan mutane. Muna cikin lokacin da ake sace mutane don kuɗin fansa. Jerin sunayen waɗanda suka ba da babbar gudummawar gini, hotunan yara da sunan makarantarsu, ranar da fasto zai bi wata hanya zuwa taro, duk waɗannan ba na shafi ba ne. Roƙon addu'ar da mace ta kawo da hawaye game da gidanta amana ce. Tun 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, makiyayi ya san bai kamata ya tona garkensa ba. Haka kuma kada shafi ya zama dandalin zagin maƙwabtanmu Musulmi ko wata ɗarika. Kasuwa ɗaya muke ci, kuma abin da aka rubuta a fusace yana nan bayan fushin ya huce. Ina jin masu kula da masallatai da Islamiyyu ma za su ga abin da ya shafe su a cikin waɗannan maganganu.

Kirana na ƙarshe ga hedikwatocin ɗarikunmu ne: ECWA da COCIN a Jos, HEKAN a Kaduna, EYN a Kwarhi, LCCN a Numan, da TEKAN, tarayyar ikilisiyoyi da ke haɗa da yawa daga cikinsu. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye ba ta da ƙarfin ɗaukar gwani. Ku samar da tsarin shafi guda mai sauƙi da Hausa wanda kowace majami'a za ta cike da nata bayanin, ku koyar da matashi ɗaya da mace ɗaya daga kowace gunduma yadda ake kula da shi, ku kuma sa darasin tsara hidimar shekara a makarantun Littafi Mai Tsarki inda ake horar da masu bishararmu.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Sakataren wata ikilisiya, Zariya