Zuwa Ga Ɗana, Kan Rabon Hatsin Da Aka Danƙa Maka

Ɗana ƙaunatacce,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu a nan Tawa lafiya muke, mahaifiyarka kuma tana gaishe ku da kyau.

Labari ya iso mana cewa dattawan ikilisiyarku a Yamai sun danƙa maka rabon hatsin da ake tara wa gwauraye da marayu. Na yi murna, amma a daren da na ji barci ya gagare ni, domin na taɓa riƙe irin wannan aiki, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba.

A shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwa da fara sun lalata damanar 2004, yunwa ta shiga ƙasar Adar, kai kuwa kana yaro. Ni ne nake riƙe da tiya a ƙofar majami'a. Da layi ya zo kan ɗiyar gwaggona, sai na ƙara mata tiya biyu a ɓoye, ina gaya wa zuciyata cewa zumunci nake yi. Wadda ta zo ƙarshe wata tsohuwa ce Buzuwa da mijinta ya rasu, wadda ko Hausa ba ta ji sosai, ta kuwa tarar an kakkaɓe buhu. Ba ta ce mini komai ba, ta naɗe zanen da ta zo da shi ta juya. Har yau, idan na ga ana awon gero a kasuwa, bayanta nake gani.

Abin da nake so ka gane shi ne, son kai da nuna bambanci ba sa zuwa wa mutum da fuskar mugunta. Da muryar dangi suke zuwa, da kunyar manya, da tunanin wanda zai rama maka alheri gobe. Za a ce maka naka sai naka, kuma akwai gaskiya a maganar, amma hatsin ba naka ba ne.

Ko ikilisiyar farko ba ta tsira daga wannan ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum, manzanni kuwa ba su rufe maganar ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, har da Istifanas, su riƙe aikin. Ikilisiyarku ma haka take, da Zabarmawa da Gurmawa da Hausawa da baƙi daga Benin da Togo, saboda haka wanda ba ya jin harshenka shi ne za ka fi saurin mantawa da shi. Ka sake karanta Yakubu sura 2, inda aka ba mai zoben zinariya mazauni mai kyau, aka bar matalauci a tsaye. Yakubu bai kira wannan ladabi ba, zunubi ya kira shi. Bulus kuma, a Filibiyawa 2:3-4, ya ce kowa ya kula da bukatar ɗan'uwansa, ba tasa kaɗai ba.

Don haka ka rubuta sunayen mabukata kafin a kwance bakin buhu, ka auna wa kowa da tiya ɗaya a gaban shaidu biyu, kada kuma ka yi rabo kai kaɗai ko da an yarda da kai. Idan wani namu ya zo yana cikin matsi, ka taimake shi daga aljihunka, ko da jaka biyu ce. In ya ji haushi, ka ce masa ni na hana ka, ya zo Tawa ya same ni.

Ka shafa mini kan jikokina. Muna sa ran ganinku a Kirsimeti, in Allah ya yarda.

Ni ne mahaifinka.