Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Uba Sani kan kumburin gwiwar matasa

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Ni malamin sakandare ne a Tudun Wadan Zariya. Bara wani ɗalibina ɗan shekara 15 ya fara ɗingishi, gwiwarsa ta kumbura. Kowa ya ce targaɗe ne na ƙwallo, har da ni. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka murza, aka ɗaure da kara. Wata huɗu ana haka, yaro ba ya barci don zogi. Ranar da aka ɗauki hoton ƙafar a asibitin koyarwa na Shika, likita ya ce a haɗa da na ƙirji. Daji ne na ƙashi, kuma ya riga ya isa huhu.

Na matsa wa likitan da tambaya, me ya kai ciwon gwiwa huhu? Ya ce ƙwayoyin halittar jiki aika wa juna saƙo suke yi da sinadarai, wannan ya ce a girma, wancan ya ce a dakata. Dajin ƙashin nan da likitoci ke kira ostiyosakoma waɗannan 'yan aike yake sacewa. Yana fitar da wani mai suna VEGF, sai jiki ya shimfiɗa masa sababbin hanyoyin jini, ya ci ya ƙoshi, ta nan kuma 'ya'yansa ke bi su sauka a huhu. Wani kuma, RANKL, zuga ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi yake yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, shi kansa ƙashi rumbu ne na sinadaran girma. Da an rushe shi sai su zubo, dajin ya samu taki, ya ƙara aika a rusa. Gara ce a cikin azara.

An fi ganinsa a shekarun da yaro ke miƙewa, kuma galibi kusa da gwiwa. In an kama shi bai yaɗu ba, aka haɗa tiyata da maganin daji, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu shi na wuce shekara 5 a raye. In ya yaɗu, da ƙyar a kai 30.

Ban zo da ƙarar masu ɗori ba. Su jama'a ke fara nema, ni ma hannuna na hagu aikinsu ne. Roƙona a tara su, tare da ma'aikatan ƙananan asibitocin mazaɓu 255 na jihar nan, a koya musu abu guda: kumburin da ba karaya ba, mai zogin dare, da ya wuce mako biyu, kada a murza, a tura hoto. Hoton nan na farko kuma gwamnati ta ɗauke wa 'yan makaranta kuɗinsa, don shi ne mahaifin yaron nan ya yi ta ɗagawa zuwa kaka.

Har yanzu ban soke sunansa daga rajistar aji ba.

Naka,
Wani malami daga Tudun Wada, Zariya