Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya yi wa motata fenti a Kano

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na fito da wannan magana bainar jama'a ne bayan na bi ƙofofin da suka kamata. Na yi magana da shugaban masu fentinku, na yi da mai karɓar baƙi, an ce za a kira ni, har yau shiru. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba kashe muku kasuwa na zo yi ba. Kun san motar: Toyota Corolla ƙirar 2010, ruwan azurfa, wadda ɗan adaidaita sahu ya goge wa bamba ta gefen dama.

Abin da ke rubuce a rasit ɗinku shi ne a cire bamba da ragar gaba, a gyara, a yi fenti, a mayar. Kuɗin cirewa da mayarwa ma layinsa daban, kuma na biya ban nemi ragi ba. Na tsallake masu fenti na bakin titi, waɗanda kuɗinsu bai kai naku ba, saboda allon da ke ƙofarku ya ce kuna da ɗakin gasa fenti, ga shi lokacin hunturu ne, ƙura na sauka a kan komai.

Ba a cire bambar ba. Da jarida da salatif aka rufe fitilu da raga, aka fesa fenti tana jikin mota, kuma motar da kanta ta ba da shaida. A gefen fitilar dama akwai layin fenti inda salatif ya tsaya. Baƙar robar raga ta yi dabbare-dabbare da azurfa. Leɓen bambar da ke shiga ƙarƙashin fitila bai ga fenti ba ko kaɗan, tsohon launi ne a wurin. Wanda ya fi damuna shi ne abin da na gani da na haska tocila ta cikin ragar: feshin ya wuce ya sauka a kan kwandansar na'urar sanyaya mota, wadda ke gaban lagireto. Siraran haƙarƙarin nan nata ta cikinsu iska ke bi ta kwashe zafi. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ga cunkoson titi, duk abin da ya rage wa wannan wuri iska illa ce ga injin. Ban kawo mota domin a ƙara mata wannan ba.

Cire bambar irin wannan mota ba aiki ne mai wuya ba, ranka ya daɗe, kuma yaranku sun fi ni sani. 'Yan notuna ne da sifana mai lamba 10 ke kwancewa, sai maɓallan roba a sama da ƙasa da cikin bakin taya, sai a zare gefe biyu a hankali daga maƙalinsu. Haƙuri kawai yake so. Amfanin cirewar kuwa shi ne fenti ya zagaye baki ya shiga ciki, domin daga bakin da aka yanke da salatif ne ruwan wanki ke samun hanya ya fara ɗaga shi.

Haka kuwa aka yi. A wankin farko fentin ya fara ɓarewa, daidai inda gogewar ta kai ga baƙar roba. Duk wanda ya juya bambar Toyota zai ga an buga harufan PP a bayanta, wato irin robar da fenti ba ya kamawa sai an wanke ta, an bi ta da sanfefa mai laushi, an fesa mata sinadarin da ke sa fenti ya manne wa roba kafin a sa shafin farko. In an tsallake wannan, tamkar a shafa wa yaro mai ne bai yi wanka ba. Da na sa farce a wurin, fentin ya taso ɓawo guda, ƙarƙashinsa roba sumul, babu alamar an goge ta.

Sai maganar launi. Na san azurfa launi ne mai wuyar sha'ani, kuma ko daga masana'anta bamba takan ɗan bambanta da ƙarfen da ke kusa da ita, ban zo da rigima a kan wannan ba. Amma lambar fentin motata tana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, 1F7, kowa zai iya karantawa. Da an haɗa fentin da ita, an gwada a ɗan faranti an kara da jikin mota a hasken rana, da bambar ba ta fito da duhun da ake hangowa daga tsallaken titi ba.

Da na dawo da ƙorafi, shugaban masu fenti ya ce min, "Alhaji, bar ta, za mu gyara." Na bar ta da kyakkyawan zato. Wannan karon an cire bambar, amma fizgo ta aka yi. Maƙalin da ke riƙe ta ƙarƙashin fitilar hagu ya karye, kunnuwan ragar sun tsinke, maɓallan roba da yawa ba a mayar ba. A madadinsu wayar ƙarfe aka murɗa, aka ɓoye ta bayan lambar mota da cikin bakin taya, ba wanda ya gaya min. A hanyar Zariya na gane, da na ji gaban motar yana kaɗawa cikin iska, iyalina na ciki. Wannan ya wuce maganar ado. Bambar da ta saki a kan gudu tana iya shiga ƙarƙashin taya, ko ta faɗo gaban mai babur. Maɓallan nan da maƙalin suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba su da tsada. Ko da a ce ni zan saya, da kiran waya ɗaya ya isa, kuma da ban ji ciwon da nake ji yanzu ba, domin ɓoyewar ta fi min ɓarnar zafi.

Ban ɗora laifin a kan yaran da ke riƙe da bindigar feshi ba. Wani ne ya sa hannu cewa aiki ya kammala, wani ne ya karɓi kuɗin aikin da ba a yi ba.

Buƙatata ita ce a sake cire bambar a gabana, a kankare fentin, a yi shi yadda ya kamata da launin da ya dace, a sa sabon maƙali da sabuwar raga da cikakkun maɓallai, a kuma tsabtace kwandansar, duk a aljihunku. In ba za ku iya ba, ku mayar min da kuɗina tare da na kayan da aka karya, in kai wani wuri. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da kuɗi. Na ajiye rasit da hotuna. Idan mako biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan miƙa su ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano.

Wassalam.

Abokin cinikinku,
daga Kano