Ba kowane tsohon komik ne dukiya ba, dan Allah a daina ruɗa mutane

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi tsokaci kan guntun labarin nan da kuka buga na littafin zanen Superman da aka sayar dala miliyan 6 a Amurka. Labarin gaskiya ne ban musa ba, a watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da shi, sai dai yadda kuka dunƙule shi a layi biyar ya ja min aiki, don tun ranar wayata ba ta huta ba. Mutane sun san na daɗe ina tara irin waɗannan littattafan da ake ce wa komik, to kowa sai ya turo min hoton wani yagaggen Spider-Man da ya tono a ƙasan akwati yana tambaya wai nawa zai yi, wani ma cewa yayi shi daga yau zai fara sayen sababbi yana ɓoyewa saboda jikokinsa. Shi ne nace bari in rubuto sau ɗaya kowa ya karanta in huta.

Shi wancan littafin sunansa Action Comics lamba 1, wato fitowa ta farko a jerin, ya fito a 1938, kuma a cikinsa ne Superman ya fara bayyana a duniya. Senti 10 aka sayar da shi a lokacin. An buga wajen kwafi 200,000, amma yau waɗanda aka yi ittifaƙin sun rage ba su wuce kamar 100 ba. To ina sauran? Ai babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. Kayan yara ne, a kan takardar jarida mafi araha aka buga su, yaro ya karanta ya naɗe ya cusa a aljihun baya ya ba abokinsa, uwa ta zo shara ta haɗa da bola. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa bi gida gida a Amurka ana tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, nan ma tuli guda ya tafi. Bayan yaƙi kuma aka taso komik a gaba wai yana lalata tarbiyyar yara, har wasu garuruwa suka riƙa tara su ana cinna musu wuta, kafin a kai ga zaman da wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi a kan maganar a 1954. Kaga kenan tsadar nan da ake gani yau wulaƙancin da aka yi wa littattafan ne ya haife ta. Da kowa ya adana nasa da babu wanda zai biya ko dala dubu.

Kuma ba hasashe nake ba, an gwada an gani. A farkon shekarun 1990 labari ya bazu a Amurka cewa tsofaffin komik na kuɗi, sai mutanen da ko karantawa ba sa yi suka afka kasuwa suna sayen sababbi kwali kwali suna ajiyewa. Kamfanoni kuwa da suka ga banza ta faɗi sai suka riƙa buga littafi ɗaya da bango kala kala don mutum ya sayi duka. X-Men lamba 1 na 1991 an sayar da sama da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka fito da wanda aka kashe Superman a ciki, Superman lamba 75, har da wani a cikin baƙar leda, mutane suka yi layi suna saye, ba su ko buɗe ledar ba wai kar darajar ta ragu. Ba a jima ba Superman ya dawo da ransa garau, kasuwa ta rushe, shaguna da yawa suka rufe, shi kansa Marvel, kamfanin da ke buga X-Men da Spider-Man, ya shigar da takardar fatara a kotu a Disambar 1996. Waɗancan littattafan yanzu sun haura shekara 30 amma mafi yawansu 'yan daloli kaɗan ake sayar da su, yo wa zai saya da tsada tunda kowa na da nasa fes a leda? Mafi yawan hotunan da ake turo min na wannan zamanin ne, kuma wallahi har nauyin ba da amsa nake ji, kallon kitse ake wa rogo.

Tsufa kaɗai ba ya sa littafi tsada. Abin da masu harkar ke fara tambaya shi ne me ya faru a cikin wannan lambar. In a nan ne wani babban jarumi ya fara fitowa to magana ta canza. Detective Comics lamba 27 na 1939 shi ne farkon Batman. Amazing Fantasy lamba 15 na 1962 shi ne farkon Spider-Man, senti 12 ne kuɗinsa a da, amma wani kwafi mai tsananin kyau ya kai dala miliyan 3.6 a 2021. Fantastic Four lamba 52 na 1966 a nan Black Panther ya fara fitowa. Sai kaga lamba ɗaya tana dubban daloli, wadda ke biye da ita a wata na gaba, mai zane ɗaya takarda ɗaya, ba ta kai rabin rabinta ba.

Sai kuma lafiyar littafin, kuma a nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Akwai kamfanoni da aikinsu kenan duba komik su ba shi maki, wanda ya fi suna shi ne CGC da ya fara aiki a 2000, yana jihar Florida. Makin daga 0.5 ne zuwa 10. Suna duba ƙashin bayan littafin ko ya kakkarye, kusurwoyi ko sun lanƙwashe, ƙarfen sitefula ko ya yi tsatsa, launin takardar ciki fari ne ko ya koma ruwan ƙasa, ko wani yaro ya rubuta sunansa da biro a bango. In sun gama sai su rufe shi cikin wani akwatin roba mai tauri da makin a sama. Shi wancan na dala miliyan 6 makinsa 8.5, wannan shi ne bayanin da ya kamata ku sa a labarinku ba ku sa ba.

Bari in ba ka misali da zai sa ka gane. A 2013 wani mutum a jihar Minnesota yana gyaran wani tsohon gida da ya saya, ya fasa bango sai ga Action Comics lamba 1 a cikin tsofaffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Murna ta ɓarke, ana cikin kai kawo da wata 'yar uwar matarsa a kan littafin sai bangon baya ya yage. An ba shi maki 1.5, aka sayar dala 175,000. Kuɗi ne masu yawa ba shakka, amma ka kwatanta da miliyan 6, alhali littafi ɗaya ne shekara ɗaya labari ɗaya. Yagewar nan ta sakan ɗaya kaɗai ta ci dubban daloli.

Wani abin da zai ba ka mamaki, gyara ma laifi ne a wannan harkar. Mu a tunaninmu in abu ya tsufa ka liƙe shi ka shafa masa launi ai ka kyauta, to a nan ka kashe shi. In CGC suka gano an taɓa littafi da gam ko an cike wani wuri da launi ko an ƙara masa takarda sai su manna masa lakabi ruwan shunayya a maimakon shuɗi, farashi ya zube. Ni kaina na taɓa ƙonewa. Na sayi wani na shekarun 1960 a intanet wurin wani mai sayarwa da ba sai na faɗi ko waye ba, a hoto bangon baƙi wuluk yana sheƙi, farashin kuma ya yi min daɗi fiye da kima, na manta cewa araha ba ta ado. Da ya iso na buɗe bangon na duba ta ciki, sai ga tawadar alƙalamin maka ta ratso ta baya daidai wuraren da aka bi karaya aka shafe. Na yi magana yace shi ma haka ya saya. Har yau yana nan wurina, in na ji kwaɗayi ya motsa sai in ɗauko shi in kalla.

Akwai ma wasu tarkunan. Incredible Hulk lamba 181 na 1974, wanda Wolverine ya fara cikakkiyar fitowa a ciki, yana da wani ɗan kan sarki na talla a shafin ciki da yara ke yankewa suna tarawa, sai kaga littafi daga waje lafiya lau amma an yanke wannan, in ba ka ƙirga shafuka ka duba ɗaya bayan ɗaya ba ka sayi nakasasshe. Haka shi Action Comics lamba 1 an sake buga shi sau da dama, akwai wani babban bugu na 1974 da 'yan damfara ke cire masa bangon waje su ce na asali ne, alhali girmansa ma ya fi na asalin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya turo maka hoto yace ya tsinci na 1938 to kusan ka rantse sabon bugu ne.

Game da farashi kuma, abin da mutum ya rubuta yana nema a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ba shi ne darajar littafi ba, kowa na iya rubuta miliyan. Abin dubawa shi ne nawa aka biya a hannu kan irin wannan lambar mai irin wannan makin a 'yan watannin nan. Akwai kundin farashi na Overstreet da ake fitarwa tun 1970, yana da amfani wajen sanin wace lamba ce muhimmiya, amma kasuwa ta fi shi sauri. Ko a 2021 lokacin korona farashi ya yi tashin gwauron zabi, daga baya da yawa suka sauko, wanda ya saya a ƙololuwa yana nan yana cizon yatsa. Kuma kar a manta kamfanin gwanjo na da kasonsa, mai ba da maki na da nasa, ga inshora ga kuɗin aikawa.

Masu tambaya yadda ake adanawa, abin ba wuya. Zafi da danshi da hasken rana su ne abokan gaba, ita takardar ma da kanta tana da sinadarin da ke cinye ta a hankali. A sa a ledar da aka yi don haka da kwali marar asid a baya, a jera a tsaye, kar a kusanto da salatif. Tarin da ya fi shahara a wannan harkar na wani mai zane ne Edgar Church a birnin Denver, wanda aka gano a 1977, dubban littattafai tun daga ƙarshen shekarun 1930 kamar jiya aka buga su, kuma ba wata dabara ya yi ba illa ya jibge su a ɗaki mai sanyi da duhu a gari mai busasshiyar iska.

Ni dai in ka tambaye ni, wannan rufe littafi a roba yana min ciwo. An yi shi don a karanta, yanzu an mayar da shi kamar takardar hannun jari, mai shi ba zai iya ganin ko shafi ɗaya ba, in ya fasa robar makin ya tashi. Na san dalilin, ya rage cuta tsakanin mai saye da mai sayarwa musamman a intanet, da an yi wa nawa haka da ban ƙone ba. Amma yawancin nawa a buɗe suke, masu maki 3 da 4 ne, na fi son in buɗe in ji ƙanshin tsohuwar takarda in ga tallace tallacen zamanin.

Abu na ƙarshe da na so a ce kun ambata, su waye suka ƙirƙiro Superman ɗin? Wasu samari biyu ne daga birnin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane. Dala 130 aka ba su a 1938 suka sallama haƙƙin mallaka gaba ɗaya, suka raba biyu. Sun yi ta shari'a shekara da shekaru, har sunansu aka cire daga littattafan, sai a 1975 bayan surutu ya yi yawa aka yarda a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara a kuma mayar da sunayensu, lokacin Shuster idonsa ya kusa tafiya. Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi. Shi kansa cekin da aka biya su da shi an yi gwanjonsa a 2012, dala 160,000 aka saye shi.

Don haka Malam Edita in za ku sake buga irin wannan labarin dan Allah ku sa lambar littafin da shekararsa da makinsa, ko na samu wayata ta huta. Mai son sayen sababbi saboda jikoki kuma na riga na faɗa masa ya saya ya ba su su karanta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karatu, mai tara tsofaffin komik