Wa ke naɗa walin Bamiyan?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Na daɗe ina sauraron tasharku, tun ina riƙe da alli har na yi ritaya daga koyar da tarihi, amma sai yau na ɗauki alƙalami na rubuto muku.

A shirinku na amsa tambayoyin masu sauraro na makon jiya, wani bawan Allah ya nemi a ba shi tarihin lardin Bamiyan na ƙasar Afganistan. Amsar da aka bayar ta tsaya a kan gumakan nan biyu na Buddha da aka sassaƙa a jikin dutse, ɗaya mai tsawon mita 55, ɗayan 38, waɗanda Taliban ta tarwatsa a watan Maris na 2001. Babu kuskure a ciki. Sai dai an rufe shirin mai tambaya bai ji komai ba game da mutanen da ke noman dankalin turawa da alkama a gindin dutsen, bai kuma ji wa ke mulkinsu da wanda ya ɗora shi ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin na zauna ɗaki ɗaya da ɗan wannan lardi lokacin da nake karatu a Pakistan.

Bamiyan tana tsakiyar Afganistan, cikin tsaunukan Koh-i-Baba. Babban garin yana sama da teku da kimanin mita 2,500, kuma in hunturu ya kankama dusar ƙanƙara kan toshe mashigin Shibar da na Hajigak, gundumomi su yanke daga duniya. Yawancin mutanen ƙabilar Hazara ne, mabiya Shi'a, harshensu Farisanci ne da karinsu na Hazaragi. Gwamna a wurinsu "wali" ne, lardi kuma "wilayat". Kafin 1964 mai riƙe da gunduma "hakim" ake ce masa. Bahaushe ba zai ji kalmomin nan baƙi ba, don daga Larabcin da muka samo Wali da hakimi su ma suka samo nasu.

Tsakanin Bamiyan da Kabul bai kai kilomita 250 ba. Amma a shekara kusan ɗari biyu, da wuya ka sami wali ɗaya da mutanen kwarin suka ɗora da hannunsu, ko suke da ikon sauke shi. Wannan shi ne tarihin da na so a faɗa.

A zamanin sarkin Kabul Dost Muhammad Khan, tsaunukan suna hannun sarakunansu na gida da ake kira mir. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne Mir Yazdanbakhsh na Behsud, wani yankin Hazara da ke tsakanin Bamiyan da Kabul, wanda ya fara haɗa kan ƙabilun Hazara, ya kuma tsare hanyar fatake. Kabul ta ba wani sarkin yaƙinta, Haji Khan Kakar, riƙon Bamiyan. Haji Khan ya ƙulla abota da Mir, suka fita yaƙi tare, Mir ya tara masa haraji ya ciyar da rundunarsa. A 1832 Haji Khan ya kama Mir ya sa aka kashe shi. Wani Bature matafiyi ɗan Ingila, Charles Masson, yana cikin ayarin, ya kuma rubuta abin da ya gani. Tun daga nan ɗan tsauni ya san cewa wanda aka aiko daga Kabul, ko sun ci abinci a akushi ɗaya, ba ga shi yake kai rahoto ba.

Abin da ya fi wannan muni ya zo a zamanin Amir Abdur Rahman Khan, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1901. Tsakanin 1891 da 1893 ya yaƙi Hazara, bayan ya sa malaman fada sun yi fatawar kafirta su. Aka kashe mutane masu ɗimbin yawa, aka sayar da wasu bayi a kasuwannin Kabul da Kandahar, wasu suka tsere zuwa Kwetta (Pakistan ta yanzu) da Mashhad (Iran), inda zuriyarsu take har yau. Mir ɗin da ba a kashe ba an kwashe su zuwa Kabul, aka zuba hakimai baƙi a gurbinsu. Wuraren kiwo na tsaunuka kuma aka rubuta wa makiyayan ƙabilar Pashtun da ake kira Kuci takardun mallakarsu. Rikicin da kan tashi a Behsud duk bazara in Kuci sun koro dabbobinsu, a waɗannan takardu ya samo asali. Ba a kuma taɓa barin ƙasar Hazara ta zama lardi guda ba, an yayyanka ta an liƙa wa lardunan maƙwabta. Sarki Amanullah ya haramta bauta a tsarin mulkin 1923, amma hakimin nan baƙo bai tashi ba.

Akwai labarin da duk Bahaushen da kakansa ya biya jangali zai fahimta ba sai an yi masa dogon bayani ba. A zamanin Sarki Zahir Shah an ɗora wa Hazara harajin man shanu, ana lissafa shi bisa kawunan dabbobi, har da waɗanda ba a tatsa, irin su jaki da doki. Talaka ya sayi man da ba shi da shi ya kai wa hakimi. A wajen 1945 zuwa 1946 wani mutum mai suna Ibrahim Khan, wanda aka fi sani da Gawsawar, ya yi bore a Shahristan, cikin lardin Daikundi na yanzu, ya ƙwace hedikwatar gundumar. Gwamnati ta janye harajin. Abin lura shi ne babu wata ƙofa da za a ƙwanƙwasa a kai kuka kafin a kai ga bindiga, domin hakimin da ke karɓar man shi ne kuma wanda za a kai wa ƙara.

A 1964 aka sake fasalin larduna, Bamiyan ta zama lardi mai walinta. Sunan ya canja, hanyar naɗin tana nan.

Ranka ya daɗe, kada a ce na ɗora laifin duka a kan baƙi. Sau ɗaya mutanen tsaunin suka sami kansu a hannunsu. Bayan juyin mulkin 'yan gurguzu na 1978, a cikin 1979 suka tashi suka kori ma'aikatan gwamnati daga kusan dukkan gundumomi, suka kafa majalisar da ake kira Shura-i Ittifaƙ ƙarƙashin Sayyid Ali Beheshti, mazauninta a Waras. Majalisar ta naɗa walinta da alƙalanta, ta karɓi haraji, ta ɗebi samari aikin soja dole. Wato ta ɗauki rigar da ta tuɓe wa hakimin Kabul ta sa wa kanta. Ba a jima ba talakawa suka fara kuka da ita, ƙungiyoyi masu samun goyon bayan Iran irin su Nasr da Pasdaran suka yaƙe ta, zuwa 1984 ta wargaje, bayan Hazara sun zubar da jinin juna. Darasin da na ɗauka a nan shi ne zaman wali ɗan gida bai wadatar ba, in dai babu ranar da zai tsaya gaban mutane su yi masa hisabi.

A Bamiyan aka kafa jam'iyyar Hazara ta Hizbi Wahdat a 1989. Bayan Taliban ta kashe shugabanta Abdul Ali Mazari a Maris 1995, Karim Khalili ya riƙe lardin da ƙarfin mayaƙansa, har Taliban ta datse hanyoyin abinci, ta ci garin a Satumba 1998.

A nan ne labarin ya shigo ɗakinmu. Abokin nawa ɗan gundumar Yakawlang ne. Mutum ne mai tsabta da kunya, kullum da butar shayinsa a kan ƙaramin risho, yakan karya ƙwayar sukari ya sa a baki ya kurɓi shayin a kai. A watan Janairu na 2001 labari ya fara zuwa cewa Taliban ta sake shiga Yakawlang ta tara maza tana harbewa. Kwana huɗu ina raka shi shagon buga waya, yana kiran danginsa na Kwetta, yana rubuta sunayen da ake faɗa masa a bayan takardar jarrabawa. Ya cika shafin ya juya. Daga baya ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe maza kimanin 170. Bayan wata biyu aka fasa gumakan, duniya duka ta ɗauka, har gidajen rediyonmu. Ranar da muka ji labarin gumakan a rediyo bai ce komai ba, ya kashe rediyon ya ɗauki butarsa ya fita alwala. Shi ya sa amsar makon jiya ta taɓa ni.

Sai zamanin da aka fi sa rai. Tsarin mulkin 2004 ya bar naɗin walin dukkan larduna 34 a hannun shugaban ƙasa. An zaɓi majalisun larduna a 2005, amma shawara kawai suke bayarwa. Zaɓen majalisun gundumomi da na magajin gari, da tsarin mulkin ya yi alkawari, ba a taɓa yin su ba har jamhuriyar ta faɗi a 2021. Kuɗin aiki kuma ba ya biyowa ta hannun wali, ta ma'aikatun Kabul yake saukowa, kowace da reshenta a lardi.

A cikin wannan tsari Hamid Karzai ya naɗa Habiba Sarabi walin Bamiyan a 2005, mace ta farko da ta riƙe lardi a tarihin Afganistan. 'Yar Hazara ce, ta karanta ilimin harhaɗa magunguna da na jini, ta koyar da 'yan mata a sansanonin gudun hijira na Pakistan a zamanin Taliban, ta kuma yi ministar harkokin mata. Ta riƙe lardin har 2013. A zamaninta 'yan mata suka cika makarantu, tafkuna shida na Band-e Amir suka zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a 2009, kuma Bamiyan ce lardin farko da sojojin ƙetare suka miƙa wa 'yan ƙasa tsaronsa a Yuli 2011. An ba ta lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 2013. Ina ganin girmanta ƙwarai, kuma ban san wani wali a tarihin lardin da ya kai ta ba.

Duk da haka, a zamaninta ne mutanen garin suka kwaɓa laka da ƙaiƙayi suka yaɓe titin kasuwa kamar yadda ake yaɓe ɗaki, don su nuna wa Kabul cewa ba su ga kwalta ba. A zamaninta ne suka ƙera wata ƙatuwar fitilar ƙwai suka kafa a mahaɗar gari, domin babu wutar lantarki. Kuɗin agaji yana kwarara zuwa lardunan da ake yaƙi irin su Helmand, masu zaman lafiya suna kallo, ita kanta ta sha yin wannan kuka a bainar jama'a. Wutar sola ta megawat ɗaya da garin ya samu a 2013 ma gwamnatin Niyu Zilan ce ta biya. Wali mai gaskiya, 'yar ƙabilarsu, mai jin harshensu, amma makullin taska yana can bayan tsauni. Da aka karkatar da babban layin wutar da ke fitowa daga Turkmenistan aka bi da shi ta mashigin Salang maimakon Bamiyan, babu walin da ya iya hanawa. Mutane suka fita zanga-zanga a Kabul, ranar 23 ga Yuli 2016 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar IS suka kashe fiye da 80 a cikinsu a dandalin Deh Mazang.

Maƙwabtan Bamiyan ma sun ga yadda hannun da ya bayar ke karɓewa. A 2015 Ashraf Ghani ya naɗa Masuma Muradi a Daikundi da Sima Joyenda a Ghor. Joyenda ba ta cika shekara ba aka ɗauke ta bayan matsin lambar masu adawa da ita, Muradi kuma aka sauya ta a 2017. Ba a tambayi manomin Ghor ba ranar da aka kawo ta, ba a tambaye shi ba ranar da aka tafi da ita.

Bayan Agusta 2021 Taliban ta ɗora tsohon kwamandanta Abdullah Sarhadi a kan Bamiyan. A Agusta 2023 aka hana mata shiga Band-e Amir, gandun da mace ta yi ɗawainiyar kafawa.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne ku ware wa wannan batu shiri guda. Kuna da abokan aiki masu jin Farisanci, kuma 'yan Bamiyan da suka yi aiki a ofishin wali suna nan warwatse a Kwetta da Mashhad da biranen Turai. A nemi ɗaya ko biyu a tambaye su yadda takardar neman gina gada ke tafiya daga gunduma zuwa Kabul, wata nawa take yi kafin ta dawo, da kuma wurin da manomi ke kai kuka in hakimi ya zalunce shi. A kuma sake kiran bawan Allahn da ya aiko da tambayar, a karanta masa cikon amsarsa.

Na gode da haƙurin karanta wannan doguwar wasiƙa. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naka mai sauraro,
Wani tsohon malamin tarihi, daga Zariya