Wasiƙa zuwa ga Hauwa'u kan rigar dina da kayan lefe

Assalamu alaikum 'yata Hauwa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya kuma shirye-shirye. Mu nan Kano lafiya lau, Abbanku da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na ga hotunan rigunan da kika turo ta WhatsApp, na kuma saurari saƙonki har ƙarshe. Kin ce kina jin nauyin yin hayar rigar dina, kada dangin miji su ji su ce an gaza. Sannan kika ce tunda kuɗin lefen za a ba ki a hannu ki haɗa da kanki, ƙawayenki sun ba ki shawarar ki rage atamfa da shadda, wai yanzu duk bikin da ya taso haya ake yi. A ganina kin juya abin ne: wurin da haya ta dace nan kike jin kunya, wurin da ya kamata ki saya nan kike son haya.

Rigar dina dai ki yi hayarta, hankalinki kwance. Riga ce ta awa huɗu ko biyar. Ga nauyin duwatsu, ga jela tana jan ƙasa sai an riƙe miki, ko alwala ba za ki iya yi da ita cikin sauƙi ba. Ba za ki sa ta zuwa suna ba, balle ofis. Kafin ƙanwarki ta isa aure yayin rigar ya wuce, duwatsun sun fara zubewa a akwati. Wanda duk zai tsaya binciken ko rigar amarya ta haya ce, da ma ba taya mu murna ya zo yi ba. Haka alkyabbar da za ki sa ran kamu, kada ki saya; akwai ta gidan Hajiya Babba, za a aro.

Sai dai kafin ki ba da ko sisi, ki je da kanki ki gwada rigar. An ɗinka ta ne a jikin wata, saboda haka ki duba wuyanta da hannunta da bayanta, ki tambaya ko za su yarda a ƙara shafi inda ya bayyana jiki. Ki ɗauki hoton duk wani tabo ko yagewa a gabansu. A rubuta miki kuɗin ajiya nawa ne, ranar mayarwa yaushe, wanki a kan wa yake. Kin san abin da ya faru a bikin 'yar Gwaggonki: ɗigon humra a ƙirjin riga da shafar lalle a bakin hannu, masu hayar suka riƙe kuɗin ajiyar gaba ɗaya, babu takardar da za a kafa hujja da ita. Ke ma ki bari lallenki ya bushe sarai, turare kuma a fata za ki shafa, ba a kan rigar mutane ba.

Maganar rage atamfa kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Biki mako guda ne, zaman aure kuma kullum sai kin sa sutura: ki tafi aiki, ki je gaida surukai, ki je barka, ki je gaisuwar rasuwa, baƙi su yi miki sallama da hantsi ba shiri. Wanne daga ciki za ki tsaya kiran masu haya? Kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin haya kuma in ya fita ya fita ke nan. Ki haɗa na biki biyu ko uku, ya isa turmi mai kyau har da ɗinkinsa, wanda za ki shekara goma kina sawa.

Na san kaya sun yi tsada, ba na musu. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk abin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa. Holan daga garin Helmond na ƙasar Holan take fitowa, kamfanin Vlisco da aka kafa tun 1846. Shaddar Getzner daga Austriya. Masaƙun Kaduna da muke samun atamfa mai sauƙi daga gare su sun durƙushe tun kina ƙarama, sai 'yar China ta cika kasuwa. Wannan tsadar ce ma ta sa nake cewa ki sayi kaɗan masu nagarta. Super biyu ko uku, shadda biyu, leshi ɗaya na fita kunya, sauran ki cike da matsakaita na zaman gida. Akwati 12 cike da atamfar da za ta koɗe a wanki na uku ba abin alfahari ba ne, ko da 'yan ganin lefe sun yi guɗa.

In kin ɗauki turmi, ki juya bayansa. Ta gaske launinta ya ratsa ciki da waje kusan daidai, ta jabu bayanta fari-fari yake. Ki karanta rubutun da ke gefen yadin, kada ki tsaya kan takardar da aka manna, ita kowa na iya bugawa. Ki tabbata yadi 6 ne cif. Kuma kada ki kwashe duka ki kai wa tela lokaci guda. Ki ɗinka rabi, ki ajiye rabi. Turmin da ba a yanka ba kuɗi ne a ajiye: ki kai barka da shi, ki ɗinka da Salla in hannu ya yi ƙunci, ko ki sayar in ta kama. Waɗanda za a ɗinka kuma ki ce wa tela ya bar rara daga ciki, don jikin mace yana sauyawa bayan haihuwa, in Allah ya kawo. Ɗinkin ya zama mai sauƙi. Yawan tarkacen yayi shi ke tsufar da riga tun yadinta yana sabo. Shadda ba a jiƙa ta da omo, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a kai wa masu bugu.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne cewar da kika yi ba a maimaita kaya saboda hoto ya riga ya hau Instagram. Hauwa'u, kada ki bari wannan ya shiga zuciyarki. Macen da ta sa shaddarta mai tsabta zuwa biki uku ba ta rage komai a mutuncinta ba, kuma albashinki da guminki kike samo shi. Don haka ankon bikinki ma ki fitar da atamfa mai matsakaicin kuɗi, wadda ƙawayenki za su ci gaba da sawa bayan an watse, kada ki ɗora musu leshin da sai sun ci bashi.

In za ki samu zuwa ƙarshen wata, ki taho ranar Juma'a, Asabar da safe mu shiga Kwari tare da Anti Rabi, ita ta fi ni sanin hannun 'yan kasuwar. Ki zo da lissafin kuɗin a rubuce, ki kuma turo min sharuɗɗan masu hayar in nuna wa Abbanku kafin ki biya.

Allah ya yi miki albarka, ya sanya alheri a auren nan, ya ba ku zaman lafiya.

Wassalam,
Ummanki