Mun Haɗa Kai Kan Gonakinmu, Ga Shi Yayana Zai Sayar Da Kasonsa

Assalamu alaikum Barista. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah Ya saka maka da alheri kan yadda kake wayar mana da kai game da shari'a a wannan fili.

Ni malamin firamare ne, shekarata 46, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ba nisa da kasuwar Dawanau. Ni ne kuma magatakardan ƙungiyar ci gaban garinmu. Don Allah a sakaya sunana da na garin, saboda maganar ta taɓa cikin gidanmu.

Muna yara, in ka hau tudun bayan makaranta da damina, gero da dawa da itatuwan ɗorawa kawai za ka hango iya ganinka. Yanzu katanga ce ke tare maka ido. Tun da cinikin riɗi da zoɓo da citta ya bunƙasa a Dawanau, 'yan kasuwa suke neman inda za su gina sito da inda tirela za ta juya. A bayansu kuma ga dillalan awon igiya, su sayi gona guda su yanka ta fuloti-fuloti, ba hanyar kirki, ba magudanar ruwa. Ba na ƙin arziki ya zo mana. Samarinmu na samun dako, matanmu na samun aikin tsintar zoɓo, kuma kuɗin na shiga tukunya. Abin da ke damuna shi ne kullum garin ƙara matsewa yake, kuma babu wanda ya taɓa tambayar mu ina muke so a gina, ina muke so a bari.

Akwai kududdufin da muke haƙar ƙasar gini tun kakanni, nan ne ruwan unguwar yamma yake taruwa. Shekara biyu da suka wuce magada suka sayar da gonar da ke kewaye da shi, mai sayen ya kawo tifa ya cike shi. Da ruwan Agusta ya sauka sai ya rasa wurin zuwa, ya shiga gidaje. Da hannuna na taya wata tsohuwa kwashe buhunan geronta, ruwa har gwiwa, kafin asuba ɗakinta ya zauna. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi shi ma an toshe shi da bulo. Fulanin da muka yi shekara da shekaru muna ba su kara suna ba mu taki sun kwashe sun tafi, yanzu sai takin zamani, ga tsadarsa.

Wannan ne ya sa bayan ƙaramar sallah muka taru a ƙofar dagaci, da liman da masu unguwanni da magidanta. Muka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, tunda mun ga yadda ƙauyukan Ungogo da Kumbotso suka narke cikin birni. Muka amince duk mai son sayar da gona ya sanar da kwamiti, a ba 'yan gari kwana arba'in ko za a samu mai saye a cikinmu. Filin idi da wurin faɗaɗa maƙabarta da ragowar burtali ba a taɓa su. Gonakin gabas, masu jigawa mai kyau, a bar su ga noma. Mai son gina sito a ba shi bakin titi, kuma haya ta shekaru za a ba shi, ƙasar tana nan hannun mai ita. Muka buɗe asusu, kowane magidanci ya kawo kwano biyar na hatsi da kaka. Ni na rubuta takardar, mutane suka dangwala yatsa.

Barista, wata huɗu ke nan, kuma wanda zai fara karya ta yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mahaifinmu ya rasu a 2016, ya bar mana gona babba a gabas, mu bakwai, maza huɗu mata uku. Ba mu raba ba, tare muke nomawa. Bara matar Yaya ta kamu da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake kai ta birni wankin ƙoda. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayar da babur, ya ci bashi har ya fara jin kunyar fita masallaci. Sai ga dillali ya zo masa da tayin da zai ishe shi jinya ta wani lokaci mai tsawo. Na same shi da daddare a zaure, yana zaune a kan buzu, takardun asibiti a cikin leda a gefensa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri a cika kwana arba'in ɗin nan." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Takardar da ka rubuta za ta biya min wankin jibi?" Wallahi ban samu abin ce masa ba. Shi ya biya min kuɗin makaranta har na gama NCE. Abin da ke asusunmu kuma ko wankin wata ɗaya ba zai yi ba.

Na je wurin liman. Ya ce a mazhabar Malikiyya haƙƙin shuf'a na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi. Wato ni da sauran magada muna iya karɓar kason Yaya daga hannun mai saye, amma sai mun biya daidai abin da ya biya. A albashin malamin firamare, ina zan samo? Ya kuma ja min kunne cewa hana mutum sayar da halalinsa yana cikin larura abu ne mai nauyi. Ƙanwata ma ta faɗa min wata magana da ta tsaya min a rai. Ta ce mun zauna mu maza mun yanke hukunci kan gonaki, alhali mata ma magada ne, ba wadda aka kira. Gaskiyarta ce, kuma kuskurenmu ne.

Ta ɓangaren doka, na karanta abin da na iya daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Na fahimci ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba birni ba, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Na kuma ga gwamna na da ikon ayyana wuri a matsayin birni, yana iya soke mallaka saboda amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini ce da shuka da abin da aka kashe wa wurin. Da wannan dillalai ke tsorata tsofaffinmu, suna cewa ku sayar tun da daraja, kafin a zo a ba ku kuɗin bishiya.

To Barista, wannan takarda tamu tana da wani ƙarfi a gaban alƙali, ko dai alkawari ne kawai tsakaninmu? Idan muka yi wa ƙungiya rajista, za ta iya riƙe takardar filin idi da burtali da maƙabarta da sunanta, ko wakafi ya fi tsare su? Idan aka riga aka ayyana yankinmu cikin birni, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa don a saka tsarinmu cikin taswirar gwamnati? Batun haya kuma, yaya za a rubuta ta yadda bayan shekara ashirin jikokin mai sito ba za su ce wurin nasu ne ba?

Wadda ta fi hana ni barci ita ce ta Yaya. Akwai hanyar da zai samu kuɗi da kasonsa, ko jingina ko haya, ba tare da gonar ta fita daga gida ba? Idan na tsaya kan takarda, na tozarta wanda ya rene ni, matarsa na kwance. Idan na kau da kai, gobe ba wanda zai ƙara sauraron kwamiti, kowa zai ce magatakarda ma gidansu sun sayar, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillalai uku na sani da suke jiran su ga yadda za ta kaya.

Dillalin ya ce zai dawo da mai sayen ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci. Ina roƙon ka taimaka ka amsa min kafin nan, in da hali.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare,
Ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, Jihar Kano.